Jirgin ƙasa na yatsa uku

An haife ni a wani ƙaramin gari na ƙasar Tondikandiya, cikin kwarin Dallol Boso, tsakanin Baleyara da Filinge. Yawancin mutanen ƙasar Zabarmawa ne. Mu gidanmu Kurfayawa ne. Kakana ne ya taso daga Kurfai ya zauna nan don gona. A gida Hausa muke yi, a bakin rijiya Zabarmanci, a lakwal kuma Faransanci. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru ina aji biyar, zamanin mulkin Seyni Kunce, bayan babban farin 1984. Shi ma Kunce ɗan Tondikandiya ne, a Fandu aka haife shi.

A lokacin babu jirgin ƙasa a Nijar. Ko taku ɗaya na dogo babu. Dogo shi ne ƙarafan nan biyu da jirgi yake gudu bisansu. Mu yara ba mu taɓa ganinsa ba, sai dai a bakin tsofaffin da suka yi Kurmi. Mutanen ƙasarmu da yawa sun yi wannan tafiya: in an gama girbi su sauka Gana neman kuɗi, in damina ta kusa su komo. Kakana shi ya daɗe can, yana dako a tashar jirgi ta Kumasi. Sai a 1969, shekarar da gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takarda, ya dawo gida gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe guda da labari buhu-buhu.

Da dare, in an ci tuwo, sai ya jingina da gindin rumbu ya fara:

"Kan jirgi guda shina jan ɗaki talatin. Wuta yaka ci, ruwa yaka sha. In ya yi kuka, sai ka ji shi har cikin cikinka."

Mu jikoki sai mu fashe da dariya, mu ce Kaka ya fara ƙaryar Kurmi. Kun dai san wasan jika da kaka. Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce: "Ja'irai! Gani ya kori ji."

Wata rana Mushe ya zo aji da wani littafi mai hoto. Cikin hoton ga wani Bature mai furfura ya durƙusa gaban tebur. Bisa teburin ga gari sukutum: gidaje, itatuwa, gada, tudu, da ɗan jirgin ƙasa da bai fi tsawon hannu ba. Muka ce: "Mushe, babban mutum da wasan yara?" Mushe ya ce a Turai akwai mutanen da wannan ne abin sha'awarsu. In sun tashi daga aiki sai su gina ƙaramar hanyar jirgi a gida. Lokaci-lokaci kuma su taru a babban zaure, kowa ya kawo tasa a gani. Daga nan ya faɗa mana dalilin da ya sa ya kawo littafin. An aiko da takarda: ƙarshen sanyi za a yi nunin aikin hannu na ƴan lakwal a Filinge, kowace makaranta ta kawo abin da yaranta suka iya, kuma akwai kyauta.

Mu kuwa abin da muka iya shi ne mota. Duk yaron ƙasarmu ya san motar kara. Ka sami karan hatsi busasshe, ka feƙe ɓawonsa da reza, ka fid da totuwa. Ita totuwa taushi gare ta, tana yankuwa yadda kake so. Ka harhaɗa ta da ƙayar aduwa maimakon ƙusa. Wanda ya ƙara girma ya koma motar waya da ta gwangwani, mai ƙafafun tsohon takalmin roba da doguwar sitiyari. Ni na yi suna wajen kyan jiki: motata takan fi ta kowa fitila da madubi. Amma motar da ba ta kwancewa a hanya ita ce ta abokina.

Abokin nan nawa Bazabarme ne. Da Zabarmanci aboki shi ne cora, kuma haka nake kiransa har yau. Cora ya girme ni da shekara ɗaya, kakkaura ne, ba shi da yawan magana. Gidansu na wata tunga, tafiyar kamar rabin awa daga garinmu. Yana jin Hausa, amma sai an yi ta sannu-sannu. Ran nan da muka fito aji na ce masa: "Cora, kowa mota zai kai Filinge. Mu jirgin ƙasa za mu kai." Ya dube ni ya ce: "Ka taɓa ganinsa?" Na ce: "Kaka ya gani."

Da maraice muka je wurin Kaka. Ya ji daɗi ƙwarai, ko da yake ya ɓoye. Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mana. Abu na farko da ya nuna mana shi ne ƙafar jirgi. Ya ce jirgi ba shi da sitiyari. Abin da ke riƙe shi bisa dogo leɓe ne: kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, wanda ke gogar ƙarfe, shi ke hana ta zamewa. In dogo ya karkata, leɓen ya bi shi, jirgi ya karkata. Sa'an nan ya ce ƙarafan nan biyu bisa itace suke kwance, itacen gicciye, ɗaya bayan ɗaya tun daga Kumasi har Ankara. Daga ƙarshe ya shiga labarin wasu leburori da yakan gani suna bin dogo da safe, ɗayansu na ɗauke da sandar ƙarfe. In sun yi ƴan taku sai mai sandar ya duƙa ya gicciya ta tsakanin ƙarafan, ya duba, ya tashi, su ƙara gaba. Ni a nan hankalina ya riga ya tafi wurin hayaƙi da fitila. Na ɗauka wani labarin Kurmi ne cikin labarai. Cora kuwa ya ƙura wa bakin Kaka ido, don kada kalma ta wuce shi.

Kayan aiki ba su yi mana wuya ba. Shekarun nan an rarraba man girki na taimako cikin manyan gwangwanaye, kowane gida da nasa fanko. Muka yanka su da almakashin maƙeri, muka fid da dogayen zirara, muka ninke baki don kada su yanke hannu. Su ne dogonmu. Itacen gicciye kuwa totuwa ce: a yanka ta guntu-guntu, a tsaga ta wuri biyu da reza, a soka zirin gwangwani a tsaye cikin kowace tsaga, a manna totuwar bisa katako da ƙaro. Ƙafa mai leɓe ita ta ba mu wahala kwana da kwanaki. Cora ne ya gano ta ranar kasuwar Damana, a gindin keken wani tela. Katakon nan da ake naɗe zaren ɗinki a kansa yana da leɓe gefe biyu. In ka raba shi tsaka da zarto, ka juya leɓunan ciki, ka zura waya, ka sami ƙafa biyu na jirgi. Telan ya tara mana fanko goma sha biyu, bai karɓi ko dala ba.

Mushe ya ba mu tsohon allon aji wanda ya tsage biyu. Muka shirya cewa dogon zai kewaya kamar ƙwai, rabi bisa wannan ɓari, rabi bisa wancan, in an haɗa allunan ya zama hanya ɗaya. Lokacin hutu ne, kuma kowa da aikin gida: ni ina kiwon awaki, Cora yana ɗebo ruwa da jaki. Saboda haka muka raba aiki. Ni in ɗauki ɓari ɗaya da kan jirgi, shi ya ɗauki ɗaya ɓarin da tarago uku. Za mu rabu sai Cora ya tambaye ni: "Tsakanin ƙarfe da ƙarfe, nawa?" Na ɗaga hannu na ce: "Yatsa uku." Ya ɗaga nasa ya ce: "Hinza." Wato uku ke nan. Muka tafa, kowa ya kama hanya da allonsa a ka.

To, ku zo ku ga kan jirgina! Cikinsa gwangwanin madara ne, bututun hayaƙi kwanson batir, ɗakin direba gwangwanin kifi, fitilarsa ƙwan tocila. Kawuna ya ba ni injin wata matacciyar rediyo mai kaset. Na ɗaura shi ƙarƙashin ɗakin direba, na ja zirin robar keke daga bakinsa zuwa wayar ƙafafun baya. Ran da na taɓa masa batir biyu ƙafafun suka juya, sai da na yi ihu awaki suka watse. Na shafe shi baƙi da gawayi da ƙaro, na ja masa jan layi. Sati biyu na yi a kansa. Dogon kuwa kwana biyu na ba shi. Nakan aza yatsa uku bisa totuwa, in tsaga nan, in tsaga can, in wuce. Wani lokaci na matse yatsun, wani lokaci na sake su. Jirgin yana ɗan rawa a wurare, yana ɗan cijewa a kwana, amma yana wucewa. Sauran lokacin na kashe shi wajen ado: na gina tudun dutse da yumɓu da jar ƙasa irin na gefen Dallol, na dasa gawo da goriba na tsinke, na yi rijiya da rumbuna, na ƙera jajayen shanu irin na Azawak da ake kiwo a Tukunus.

Da aka koma lakwal, sau biyu Mushe yana cewa mu kawo allunan a haɗa a gwada. Sau biyu ina kawo hanzari. Gaskiyar maganar ita ce, akwai wani yaro a aji shida wanda ya kwaikwayi motata bara, aka yaba masa. Ba na so kowa ya ga kan jirgina sai a Filinge. Cora ya ce mini: "Mu gwada a gidanku da dare." Na ce: "Yatsa uku dai ko? To, mene ne na gwaji?"

Jajiberin nunin muka hau motar kasuwa, allunan naɗe cikin tabarmi. Kaka ya ce shi ma za shi, wai zai gai da dangi. Kowa ya san abin da zai kai shi. Muka isa Filinge bayan la'asar. Aka sauke mu a wata makaranta, aka ba kowace tawaga kusurwa cikin aji. Yara suka kewaye mu. Muka kwance tabarmi, muka tura allo ya haɗu da allo.

Bakin dogo bai haɗu ba. Na daidaita ƙarfe na waje, na ciki ya goce. Na daidaita na ciki, na waje ya goce. Na ce ba komai, na raba goce tsakani, na aza kan jirgi, na taɓa batir. Ya taso da kyau bisa ɓarina, ya zo mahaɗa, ya shiga ɓarin Cora, sai ƙafafunsa suka zurma tsakanin ƙarafa. Ya tsaya yana kuka, robar tana juyawa a banza. Muka gwada taragon Cora bisa ɓarina. Su kuma leɓensu ya hau bisa ƙarfe, suka kife ɗaya bayan ɗaya. Yara suka yi dariya.

Abin da na yi daga nan, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na juya na ce da ƙarfi, da Hausa, da sauri yadda ƴan Filinge za su ji shi kuwa ba zai kama duka ba: "Ga abin da ake gudu! An ce masa uku, shi bai san uku ba. Wata biyu ina wahala, ya zo ya ɓata mini." Aka ƙara dariya. Cora ya kama duka. Bai ce uffan ba. Ya sa hannu aljihu ya fid da wani ɗan guntun icce mai tsaga biyu. Ya gicciya shi bisa dogonsa, tsagogin suka zauna daram bisa ƙarafa. Ya matsa gaba ya aza, daram. Ya bi ɓarinsa kaf, tun daga wannan baki har wancan, ko'ina daram. Ashe tun ranar da muka rabu ya auna yatsunsa sau ɗaya tak, ya yanke iccen, bai ƙara aza yatsa ba. Sandar leburorin Kumasi ce ya yi.

Mushe ya ɗauko ma'aunin katako na aji, wanda muke ce wa regil. Ya auna ɓarin Cora wuri biyar: milimetir 48, 48, 48, 48, 48. Ya auna nawa: 42, 40, 44, 41, 45. Ya ce mu miƙo hannuwa. Muka aza yatsu uku-uku bisa regil. Na Cora sun fi nawa kauri da milimetir shida. Ba wanda ya yi ƙarya: shi uku, ni uku. Mushe bai yi faɗa ba. Ya rubuta lambobin bisa allon ajin da alli, nasa a dama, nawa a hagu, ya ce: "Dole a tayar da ɓari ɗaya a sake. Ku duba ku faɗa mini wanne."

Ina tsaye ina duban lambobin sai ga Kaka ya shigo da sandarsa. Aka ba shi labari. Ya karɓi iccen Cora ya jujjuya shi, ya ce: "Wa ya koya maka wanga, ɗana?" Cora ya ce: "Kai ne, Baba." Kaka ya dube ni ya ce: "Ka ji ko, ja'iri? Da harshen uwarka na yi magana, baƙo ya ji, kai ba ka ji ba. Laihi tudu na, ka taka naka ka hango na wani." Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Na durƙusa na fara tayar da dogona da hannuna. Na jiƙa ƙaro da ruwa, na ɓanɓare totuwa kusan sittin. Ba su sake amfani, don sun yi gajarta. Mai gadin makarantar ya bar mu muka zare kara daga wani tsohon darni. Magariba ta yi, isha ta yi, yara suka kwanta. Mushe ya ba ni aron fitilarsa. Ina feƙe kara ni kaɗai, hawaye na ɗiga bisa reza, sai na ji mutum ya zauna kusa da ni. Cora ne. Ya ajiye iccensa tsakaninmu, ya ja kara ya fara yanka. Shi yana yanka yana tsagawa bisa awo, ni ina mannawa ina soka gwangwani. Ba mu yi magana ba har muka kai kwana. A kwana ya nuna mini dabararsa: ƙusa a tsakiyar allo, zare a jikinta, alli a bakin zaren, ka ja ka sami da'ira mai kyau, sa'an nan ka bi ta. Ni da ido na yi tawa, shi ya sa jirgin ke cijewa. Sai da na rushe rabin tudun dutsena da rumbu biyu kafin sabuwar kwanar ta sami wuri. Daga baya muka zare ƙafafun kan jirgi, muka sa guntun bututun biro tsakani har suka kai 48. Wajen tsakar dare na ce masa da Zabarmanci ya yi haƙuri. Ya ce: "Riƙe nan, ƙaron bai bushe ba."

Da hantsi aka fid da tebura filin makarantar. Jama'a ta cika: iyaye, ƴan kasuwa, samari, Sufurefe da mutanensa, da dogaran sarki. Ƴan mata sun kawo faifai da tabarma da ɗinkin hula. Wasu yara sun kawo jirgin sama na totuwa, wasu raƙumin yumɓu da sirdinsa. Wani yaro daga wajen Bonkuku ya kawo babbar motar waya mai tirela, in ka murɗa sitiyari ƙafafun gaba su juya, in ta taka dutse ta lotsa ta tashi kamar ta gaske. Da na gan ta na san ta fi mu.

Mu mun kafa tasha huɗu a kewayen dogonmu, kowace da allonta na takarda: Yamai, Baleyara, Damana, Filinge. Mun rubuta kowane suna iri biyu, yadda Faransawa ke rubutawa da yadda muke faɗi. Tarago ɗaya mun cika shi da wake, ɗaya da ƴan shanun yumɓu, ɗaya da mutanen tsinke. Na aza kan jirgi a Yamai. Hannuna na rawa. Cora ya ɗaura tarago, na haɗa waya. Jirgi ya motsa, ya wuce Baleyara, ya nufo mahaɗa. Na rufe ido. Na ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas: kai da tarago uku sun tsallake. Sai fili ya ɗauka da sowa.

Kaka fa ba a magana. Ya ture yara ya tsaya bakin tebur kamar shi ne shugaban tasha. In jirgi ya iso tasha ya sa hannu a baki ya yi kukansa, ya kira sunan gari, ya ce masu sauka su sauka. Tsofaffin da suka yi Kurmi suka taru bayansa, kowa na faɗin nasa: wannan ya ce na Sekondi ya hau, wancan ya ce na Faraku. Wata tsohuwa mai sayar da nono ta daɗe tana kallo, ta ce: "Yaro, shi wannan abu ina za shi? Na ga inda ya baro nan yake komowa." Ban sami amsa ba. Jirgin ya kewaya sau bakwai, a na takwas batir ya mutu a Damana. Ba mu da kuɗin wani. Muka ɗaura masa baƙin zare, muka yini muna jan sa, in na gaji Cora ya karɓa.

Masu rabon kyauta suka zo da takardunsu. Ɗayansu bai dubi fitila ba, bai dubi jan layi ba. Ya duƙa ya bi dogo da ido, ya tambaya da Faransanci nawa ne faɗinsa. Cora ya amsa masa da Faransanci: santimetir huɗu da milimetir takwas. Ya ce: "Ko'ina?" Cora ya miƙa masa iccen. Mai tirela ya zo na ɗaya, wata yarinya mai tabarma ta biyu, mu na uku. Aka ba mu littafin rubutu goma da biro huɗu, muka raba daidai. Jirgin ya zauna ofishin darakta har damina. Da aka koma hutu aka tarar gara ta cinye totuwar duka, sai gwangwani.

Sai da na girma na zama malami na gane cewa abin da ya same mu ya sami manya. Turawan da suka shimfiɗa dogo a Afirka ta Yamma kowa da yatsunsa ya auna. Faransawa sun yi nasu milimetir 1000, wato metir guda: haka dogon Kwatano yake, wanda ya isa Faraku a 1936 bayan kilometir 438, ya tsaya nan. Haka na Abijan yake, wanda ya isa Wagadugu a 1954, bai iso Yamai ba. Ingilishi kuwa sun yi nasu milimetir 1067: shi ne na Gana da Kaka ya sani, wanda ya isa Kumasi a 1903, kuma shi ne na Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Ku cire 1000 daga 1067. Milimetir 67 ke nan, bai kai faɗin tafin hannun babba ba. Amma jirgin Faraku ba ya hawa dogon Kano. Ko a Ingila, inda aka fara jirgin ƙasa, sun yi wannan rikici: wasu sun yi faɗin 1435, wasu sun haura metir biyu. Inda hanyoyin suka haɗu sai a sauke mutane da kaya kaf a sake loda su. Sai a 1846 aka yi doka ta tsayar da 1435 don sababbin hanyoyi, kuma yau shi ne awon da ya fi yawa a duniya.

Masu ƙaramin jirgi irin na hoton Mushe su ma da awo suke aiki. Wanda aka fi yi ana ce masa HO: kowane abu an rage shi sau 87. Ku raba 1435 da 87 ku gani, za ku sami wajen 16 da rabi. To, faɗin dogonsu ke nan, milimetir 16 da rabi, a Jamus, a Faransa, a Amurka. Shi ya sa ranar nuni mutum zai zo da jirginsa daga wani gari, ya aza shi bisa dogon wanda bai taɓa gani ba, ya gudu. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gidan kallo, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001. Ƙaramin dogon da ke cikinsa ya fi kilometir 15, duk cikin gini.

Kaka ya rasu bai ga jirgi a ƙasarsa ba. A watan Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai. A ƙarshen Janairu 2016 aka yi bikin gama dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilometir 140. Nufin shi ne ya gangara ya haɗu da na Faraku. Amma aka shiga shari'a a Benin kan wanda ke da izinin aikin, aiki ya tsaya, jirgin kuma bai yi jigilar mutane da kaya yadda aka sa rai ba. A Fabrairu 2021 kuma aka aza harsashin wani dogon daga Kano zuwa Maraɗi, kilometir 284. Shi faɗinsa 1435 ne. Na Doso kuwa 1000.

Wata shekara bayan bikin Doso, aiki ya kai ni Yamai. Na ɗauki ma'aunin tela a aljihu, na fita bayan gari inda dogo ke bin gefen hanyar mota. Babu jirgi, babu kowa, sai awaki na kiwo tsakanin ƙarafa, rairayi ya rufe wasu wurare. Na waiwaya don kada a ce malami ya taɓu, sa'an nan na duƙa na auna. Na yi taku hamsin na ƙara aunawa, na yi wasu hamsin na ƙara. Daga nan na kira Cora a waya. Shi yanzu direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga bakin teku. Bayan gaisuwa na ce masa ga ni tsaye bisa dogo a ƙasar Nijar.

Ya ce: "Nawa ka samu?"

Na ce: "Metir guda cif."

Ya ce: "Ko'ina?"

Na ce: "Wuri uku na auna, duk ɗaya."

Ya yi shiru kaɗan, ina jin kukan injinsa. Sa'an nan ya ce: "Da sanda ka auna, ko da yatsa?"